Amsa: Ba faɗa suke yi ba, zawarci ne

Malam, abin da ka gani a tsakar gidanku a Kawo, ƙaramin gizo-gizo yana ɗaga ƙafafun gaba yana karkaɗa su a gaban babba, ba faɗa ba ne kamar yadda ka zata. Zawarci ne, ƙaramin shi ne namijin.

Irin waɗannan masu yawo a ƙasa ba sa saƙa yanar kamu, farauta suke yi. Macen kan bar zare mai ɗauke da ƙanshinta duk inda ta bi, namijin ya bi sawu. In ya same ta sai rawa, wasu har da kiɗa: ya riƙa bubbuga busasshen ganye da gajerun gaɓoɓi biyu na gefen bakinsa, ita kuma tana jin girgizar ta ƙafafunta. Dole ce ta sa shi, don in ta ɗauke shi abinci sai ta cinye shi, kuma hakan na faruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da waɗannan gaɓoɓin yake barbara. Kafin ya fita nema yakan saƙa 'yar mitsitsiyar yana, ya ɗiga maniyyi a kai, ya zuƙe shi cikin gaɓoɓin.

In ka ga macen tana jan farin ƙunshi a bayanta, ƙwai ne, ƙyale ta.