Tambaya da Amsa: Ina cika shafi biyu amma malam ya ce ba hujja

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar SS3 ce a Gusau, ga WAEC ta matso, duk sanda aka ba mu insha'in muhawara irin su makarantar kwana ta fi jeka-ka-dawo sai in cika shafi biyu cur, amma malaminmu ya dawo min da takarda ya sa jan biro wai ba hujja. Kuma wallahi a gida ba mai kayar da ni a musu. Don Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ai musun gida daban, na takarda daban. A gida kina da murya, kina maimaita magana har yayanki ya gaji ya ce to naji, shi kuwa mai makin nan bai san ki ba, bai ga fuskarki ba, abin da kika rubuta kawai ke gabansa.

Tun a sakin layin farko ki faɗi ɓangaren da kika ɗauka. Ɗalibai da yawa sai su ce ai kowacce da amfaninta, su yabi wannan su yabi waccan, ƙarshe ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Sai hujjar ita kanta. In kika rubuta "makarantar kwana ta fi saboda ɗalibai suna karatu sosai", ra'ayi kawai kika faɗa, kowa ma zai iya faɗar haka. Amma duba wannan: "Yarinyar jeka-ka-dawo tana shigowa gida bayan azahar, ga wanke-wanke, ga ɗebo ruwa, ga rainon ƙanne, kafin ta buɗe littafi an kira magariba kuma ba wuta. Ta kwana kuwa an ware mata lokacin firef, wato lokacin bitar karatu, ana buga ƙararrawa kowa ya nufi aji." Kin ga bambancin ko? Nan mai karatu ya ga yarinyar da idonsa, dole ya tsaya ya yi tunani. Kowane sakin layi hujja ɗaya da misalinta, guda uku masu ƙarfi sun fi goma da aka jero a guje. Kuma don Allah kar ki ƙirƙiro alƙaluma, wai kashi kaza cikin ɗari, alhali ba ki san inda ya fito ba.

Inda na fi so ki kula shi ne maganar abokan hamayya, nan ne yawanci ake tserewa. Ke da kike Zamfara kin san duk wanda ya ji makarantar kwana sai Jangebe ta faɗo masa a rai, 'yan matan da aka sace a 2021, ga ɗalibai maza da aka sace a Ƙanƙara ta jihar Katsina a 2020, ga kuma tsadar kuɗin makaranta. In kika yi shiru a kan wannan, mai karatu ba zai yi shiru a zuciyarsa ba. Ki kawo ta da kanki, ki yarda cewa tsoron iyaye gaskiya ne, sannan ki ba da amsa, misali cewa abin gyara shi ne tsaro, tunda yarinyar ƙauyen da ba sakandare kusa da su in aka rufe ta kwana karatun nata ne ya tsaya gaba ɗaya.

A takardar Turanci ta WAEC kalmomi wajen 450 ake so, saboda haka kar gaisuwar shugaba da alƙalai da mai kula da lokaci ta cinye miki rabin shafi, layi biyu ya isa, kuma sai in an ce jawabin muhawara ne ake gaisuwar.

Daren yau ki gwada rubuta sakin layi ɗaya kina kare jeka-ka-dawo da iya ƙarfinki, gobe ki rubuta wanda zai rusa shi, ki kai wa malamin naku duka biyun. Allah ya ba da sa'a.