Tsohon gadon da na saya: an cuce ni ne, kuma in kankare fentinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka. Na sayi tsohon gadon katako a gwanjon kayan wani gida, aka ce mini na wajen 1880 ne. Allon kansa ya fi ni tsawo, samansa a miƙe yake, da zanen ganye da aka tsaga sama-sama. An shafe shi da farin fenti da ya fara ɓarewa, ta ƙasa ana hango katako mai duhu. Hankalina bai kwanta ba, ko cutata aka yi? Wani ya ce in sa masa sanfefa in sake fenti, don a ɗakin yarana nake son ajiye shi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Batun cuta dai ki kwantar da hankalinki. Siffar da kika kawo ta salon Eastlake ce, wanda ya yi tashe a Amurka daga shekarun 1870 zuwa wajen 1890. Sunan na Charles Eastlake ne, Baturen Ingila da ya wallafa littafi kan kayan ɗaki a 1868, yana sukar sassaƙa mai kumbura da lanƙwashe-lanƙwashe. Masana'antun Amurka, musamman na garin Grand Rapids a Michigan, suka ari sunansa suna fitar da irin gadon nan da inji, har shi kansa ya nesanta kansa da abin da suke yi. Da a ce allon yana da ƙaton kambi a sama da sassaƙa mai tudu, da na ce salon Renesans ne na shekarun 1860 da 1870. Katako mai duhun nan galibi walnat ne. Da ya yi tsada ne aka koma katakon oak mai ruwan zuma a shekarun 1890.

Amma abin da ya tayar mini da hankali shi ne shawarar sanfefa. Don Allah kada ki yi. Ba da farin fenti aka saba fitar da gadon walnat ba, wani ne ya shafa masa daga baya, kuma sai a 1978 Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje da kayan ɗaki. Duk fentin da ya riga wannan shekara, ki ɗauka akwai dalma a cikinsa har sai gwaji ya wanke shi. Idan aka goga sanfefa, fentin zai zama ƙura mai laushi kamar hoda, ta sauka a kan darduma da labule da kayan wasa. Yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Ba wari, ba tari, ba wata alama a ranar. Sai an jima a ga yaro ya ja baya a magana ko karatu, kuma ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 bai kamata a ce sai an roƙe mu ba. Can ƙurar dutsen zinariya ce, nan ta fenti, amma gubar ɗaya ce.

Kusan kullum sai an kawo mini kayan da aka riga aka kankare, mai shi ya ce a wani bidiyo ya gani a intanet. Masu bidiyon nan ba su san tari ba su san mura, su dai a ga gado ya yi fes cikin minti biyar. Wasu har na'urar hura zafi suke sawa don fentin ya saki, alhali zafin yana mayar da dalmar hayaƙin da ake shaƙa. Mai juna biyu ta shaƙa, abin da ke cikinta ma ya samu rabonsa. Ga kuma asarar kayan: tsagin Eastlake ba shi da zurfi, sanfefa tana cinye shi, kuma wani fallen katako mai kyan zane da ake liƙawa a allon siriri ne ƙwarai, goga kaɗan ya huje.

Yau ɗin nan ki fitar da gadon daga inda yara ke shiga, ki lulluɓe shi da leda, ki goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya. Ki nemi mai lasisin gwajin dalma ya duba shi. In an samu, a kai shi wurin masu gyaran tsofaffin kaya su cire fentin da sinadari a shagonsu. In kuwa yaran sun riga sun taɓa ɓawon fentin, ki gaya wa likitansu a yi musu gwajin jini.

Kafin ki sayi katifa kuma, ki auna faɗin gadon daga ciki. Da yawa daga cikin gadajen lokacin inci 48 ne ko 54, katifar yanzu mai inci 60 ba za ta shiga ba. A ɗinka masa katifa daidai shi, kada kafinta ya sa masa zarto.