Kwamfuta Ta Ce Babu Tebur, Kai Ma Sai Ka Ce Babu?

Yaro, na ga saƙonka tun shekaranjiya. Ka ce wata biyu ke nan da aka tsayar da kai a ƙofar gidan gasasshen nama na jirgin ruwanku na yawon shaƙatawa, kuma kullum da yamma fasinjoji na zuwa suna roƙonka wuri a ƙurarren lokaci, kai kuma ka leƙa kwamfuta ka ga ta cika, sai ka ba su haƙuri su tafi. Kana tambaya ko akwai wata dabara ta samar wa mutum tebur a irin wannan lokaci. Da farko ban so amsa maka ba, domin tambaya ce da idonka da ƙafarka za su amsa maka da kana amfani da su. Amma ka fama mini wani tsohon miki, shi ya sa na zauna.

Shekara 26 na yi a teku, 11 daga ciki ina manajan gidan abinci. Lokacin da na fara, yawancin jirage zama biyu suke yi a babban ɗakin cin abinci, na farkon dare da na baya, kowa da teburinsa har a gama tafiya. A shekarar 2000 kamfanin jiragen ruwa na Norwegian ya fito da tsarin kowa ya ci lokacin da ya ga dama, daga nan gidajen abinci na musamman da ake biyan kuɗi daban suka yi ta yawaita: Cagney's a jiragen Norwegian, Chops Grille a jiragen Royal Caribbean, Crown Grill a na Princess, Pinnacle Grill a na Holland America. A gabanmu aka yi duk wannan, mu muka koyi aikin da fensir da littafi.

Ka iya lissafi dai ko? Jirgin Icon of the Seas, da ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a Janairun 2024, yana cin mutum 7,600 in ya cika maƙil. Naku bai kai shi ba, amma ciwon ɗaya ne. Ka ɗauka kujera 100 gare ka, kana juya kowace sau biyu a dare, tafiyar kuma ta kwana 7 ce. Mutum 1,400 ke nan za ka iya ciyarwa. Da za su rarrabu, da an zauna lafiya. To ba sa rarrabuwa. Kowa ƙarfe 7 zuwa 8 yake so, kuma a daren da jirgi ya wuni a tsakiyar teku, ko daren kwalliya, wato daren da fasinjoji ke cin ado su fito cin abinci. Wannan awa ɗayar ce take cika. Ƙarfe 5:30 kujeru suna nan suna hamma, bayan ƙarfe 9 ma haka. Rabin waɗanda kake sallama da haƙuri, da ka ce musu akwai wuri ƙarfe 8:45, da sun karɓa suna godiya.

Yadda ake gaishe da baƙo, da yadda ake karanta taswirar tebura, da yadda ake rubuta sunan mai jiran tsammani, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Wanda bai san wannan ba bai kamata a ba shi rigar aiki ba.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne jadawalin jirgi. Daren farko, ranar da aka shiga, kusan kullum akwai wuri, don mutane suna fama da akwatuna da neman hanyar ɗakunansu. Ranar da jirgi ya tsaya a Civitavecchia, tashar jiragen ruwa a Italiya, fasinjoji su tafi Roma, wajen kilomita 80 a mota, su wuni suna tafiya a ƙasa cikin rana, su dawo ƙafa a kumbure, wa zai sa kwat ya zauna cin abinci na awa biyu? Tun ƙarfe 5 waya za ta fara ƙara ana fasawa. Daren da teku ya tashi, igiyar ruwa na jijjiga jirgi, jiri na ɗibar mutane, haka nan. Kamfanoni da dama suna son mai fasawa ya sanar da awa 24 kafin lokaci in ba ya son a caje shi, saboda haka teburan gobe yau da yamma suke faɗowa. Wurin teppanyaki, inda ake zagaye kuku yana suya a gaban mutane, sau da yawa ana barin kujera ɗaya ko biyu a gefe, mutum biyu sun fi mutum shida sauƙin shiga nesa ba kusa ba. Wanda ya nace sai ya ɗanɗana, ka tuna masa wasu gidajen suna buɗewa da rana in jirgi na tsakiyar teku. Sai kuma teburan da ba a sa su a manhajar kama tebur tun farko: waɗanda ake ajiye wa masu kamawa bayan sun shigo jirgi, da waɗanda ake riƙe wa baƙin manyan ɗakunan kwana masu tsada har zuwa wani lokaci. Waɗannan na ƙarshe su suka ci ni.

Muna Bahar Rum, tafiyar kwana 7, ranar ƙarshe a tsakiyar teku, kuma daren kwalliya. Littafina ya cika har gefen takarda. Abin da ya rage mini tebur biyu ne masu kujera huɗu-huɗu, na baƙin manyan ɗakuna, kuma doka ta ce kada in sake su sai ƙarfe 6. Wajen ƙarfe 4:30 sai ga wani mutum, shiga ta kamala, furfura a gefen kai, magana a hankali. Ya dafa ƙirji ya ce yau mahaifiyarsa ta cika shekara 80, 'ya'ya da jikoki sun taru daga ƙasashe uku, su goma ne, kuma likita ya gaya musu da wuya ta sake yin wata tafiya. Ya ce laifinsa ne, shi aka ɗora wa kama wuri ya manta. Har idonsa ya kawo ruwa. Wallahi na ga ruwan da idona.

Na ce ya ba ni katin ɗakinsa. Ya lalube aljihu, ya ce ai yana hannun matarsa a wurin ninƙaya, ya faɗa mini lambar ɗaki da baki. Na rubuta da fensir. A nan na faɗi, kuma na san dokar, ni nake koya wa yara ita.

Kujera takwas ba za su ɗauki mutum goma ba, sai na haɗa da teburin bakin taga da ke tsakaninsu. Wannan tebur wasu dattawa ne, miji da mata, suka kama shi watanni kafin tafiya, don cikarsu shekara 40 da aure. Tafiyarsu ta huɗu ke nan tare da ni, na san mijin ba ya son a sa masa ƙanƙara a ruwa. Na ɗaga waya na kira ɗakinsu da kaina, na roƙe su su koma ƙarfe 9:15. Matar ta yi shiru, ta ce maigidanta yana shan magani, ba ya son cin abinci a makare. Sai na ba ta labarin tsohuwa mai shekara 80. Ta ce, "In dai don uwa ce, ba komai, mun haƙura." Har yau muryarta tana kunnena.

Na shiga kicin na roƙi mai yin kek ya ajiye aikinsa ya yi mini guda, da lamba 80 a sama. Shugaban kuku ya ware nama mafi kyau na mutum goma, yana yi yana harara ta. Na cire weta mafi ƙwarewa daga sashensa na ba shi wannan tebur shi kaɗai. Ƙarfe 5:30 mai kula da baƙin manyan ɗakuna ya kira ni, yana da mutum huɗu da ke son ƙarfe 7:30. Haƙƙinsu ne, saura rabin awa kafin lokacin sakin teburan. Na ce masa babu. Ya ce, "Ban gane babu ba." Na ce na bayar. Ya ajiye waya bai ƙara cewa uffan ba.

Ƙarfe 7:30 an kunna kyandira, an jera kofuna suna ƙyalli, burodi da zafinsa a kwanduna uku. Ba kowa. 7:45 ba kowa. Mutane na tsaye a ƙofa suna roƙona, suna hango kujera goma a bakin taga babu mai zama, ni kuma ina ce musu an kama. Ƙanƙarar cikin tulun ruwa ta narke, wetan ya canza ta, ta sake narkewa. Ƙarfe 8 na kira lambar ɗakin da ya ba ni. Wata mata ta ɗauka da muryar barci, ta ce ita kaɗai ce a ɗakin, ba ta san wata mai shekara 80 ba.

Na aiki yaro ya zagaya. Minti goma ya dawo yana haki, ya ce mutumin yana gidan abincin Italiya a benen ƙasa, shi da abokansa maza biyar, suna ta ƙyaƙyata dariya, babu tsohuwa babu jika. Da aka rufe na zauna da manajan can da na gidan kifi, muka haɗa littattafanmu. Labari ɗaya ya ba mu mu uku, da lambar ɗaki uku daban-daban. Ya tara wurare ne don in dare ya yi su zaɓi wanda ransu ya so, suka zaɓi wanda ya fi kusa da zauren wasa. Goman ma da ya ce ƙarya ce, don kawai a ba su babban tebur su wala.

Dattawan nan sun zo 9:15 daidai. Na zaunar da su a bakin tagar, amma duhu ya riga ya rufe teku, faɗuwar ranar da suka so gani ta wuce. Mijin yana gyangyaɗi kafin a kawo nama. Matar ta tambaye ni ko tsohuwar ta ji daɗin bikinta. Na gaya mata gaskiya, ban iya yi mata ƙarya ba. Ta dube ni kawai, ta ajiye cokali.

Washegari da sassafe shugaban sashen otal na jirgi ya kira ni ofis. Baƙin babban ɗaki sun kai ƙara a rubuce, da sunana. Kuɗin kujera goma sun tafi, ba wanda za a caja tunda babu kati. An sa mini takardar gargaɗi a fayil. A lokacin an riga an gaya mini da baki cewa ni zan buɗe gidajen abincin wani sabon jirgi da kamfani ke jira. Aka ba wani yaro da ni na koya masa riƙon faranti uku a hannu ɗaya. Sai da na yi kwantiragi biyu, wata 14, kafin a sake duba ni, kuma sabon jirgin ban taka shi ba har na bar aiki. Da safiyar sauka na ci karo da mutumin a bakin lif da akwatinsa. Na ce masa ina mahaifiyar taka? Ya dafa kafaɗata yana murmushi ya ce, "Ai tebur ne kawai, abokina." Shekara nawa ke nan, in na tuna wannan hannu a kafaɗata sai abinci ya fita raina.

Tun daga ranar, ko da kuka mutum ya zo, ba na rubuta sunansa sai katinsa ya shiga hannuna na ga hotonsa ya fito a kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya makara shi zai ɗauki lokacin da ya samu, ba a tayar masa da wanda ya yi sammako. Teburin da aka ce a riƙe zuwa ƙarfe 6, a riƙe shi zuwa ƙarfe 6, ko wane ne ya zo. Duk taron da ya haura mutum shida, ka kira ɗakinsu da la'asar ka ji daga bakinsu, ka kuma tambayi sauran gidajen ko sunan ya fito a wurinsu. Wanda ya wuce minti 15 bai zo ba bai aiko ba, ka kira na farko a jerin masu jira, ka ce masa yana da minti goma ya iso.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, an ba ku na'urar da za ta nuna muku a daƙiƙa ɗaya in mutum ya kama wuri biyu, abin da ni sai tsakar dare na gano shi, amma kun mai da ita matattarar fakewa. "Kwamfuta ta ce babu." Kwamfuta ta san teburi na 14 sun ƙi kayan zaƙi suna neman takardar biya? Ta san ma'auratan da ke kusurwa suna sauri don su kama wasan ƙarfe 9? Kuna tsaye wuri ɗaya kamar an dasa ku, kai a sunkuye, hannu na laluben waya a aljihu, wata shida kuma ku fara tambayar ƙarin girma. Mu kowane minti goma muna zagaya ɗaki, mu dubi faranti mu san saura minti nawa mutum ya tashi.

Gobe ranar ɗaukar sababbin fasinjoji ce a jirginku in ban yi kuskure ba. Ka sami manajanka kafin a buɗe, ka tambaye shi tebur nawa yake riƙewa da ƙarfe nawa yake sakinsu. Ka sayi ƙaramin littafi, kowane dare ka rubuta mutum nawa suka fasa, da ƙarfe nawa, da inda jirgi ya wuni. In ka cika tafiya uku ka turo mini in gani, kafin nan kada ka sake tambayata.