Zugin ƙafa, ciwon suga da damuwa: amsoshin likita

Tambaya, daga wata baiwar Allah a Gadarif, ƙasar Sudan: Likita, na daɗe da ciwon suga. Tun da yaƙi ya raba mu da Wad Madani a ƙarshen 2023 ƙafafuna ke zugi da dare kamar an zuba barkono. 'Ya'yana sun ce tunani ne kawai.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba ki lafiya. Ciwonki na gaske ne, kada kowa ya sa ki kokwanto. Idan suga ya daɗe yana hawa yakan lalata ƙananan jijiyoyin ƙafa, kuma kusan rabin masu wannan cuta na gamuwa da haka. Sai dai yaran ba su faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Jijiya ce ke aika saƙon ciwo, amma ƙwaƙwalwa ce ke ƙara masa ƙarfi ko ta rage. Fargaba, rashin barci da kewar gida duk suna ƙara shi. Tashin hankali kuma yana sa jiki fitar da sinadarin kotizol, wanda ke ɗaga suga. Ga dare kuma, babu hira babu aiki, hankali sai ya koma kan ƙafa. Maimakon "ki daina tunani", su zauna da ke bayan isha'i a yi hira. Ki riƙa shiga cikin mata wajen shan jabana, wato gahawa, amma ba sukari. Idan abinci da mutane duk sun fita ranki har sati 2, ki faɗa wa likita. Ciwon damuwa ya fi yawa ga masu suga kusan ninki biyu, kuma yana da magani.

Tambaya, daga Mai Wurno: An rubuta mini amitriptyline, maƙwabcina ya ce na masu taɓin hankali ne.

Amsa: Malam, don ciwon damuwa aka fara yin sa, amma ɗan kaɗan da ake ba ka da dare na jijiya ne. Yakan ɗauki makonni kafin ka ji sauƙi, yakan busar da baki. Idan kana da ciwon zuciya ka sanar da likitan. Maƙwabcin kuwa, a bar shi da sana'arsa.

Tambaya, daga Kasala: Mahaifinmu in ya yi 'yar tafiya sai sha-raɓarsa ta ɗaure. Mun hana shi fita, ko masallaci ba ya zuwa, yanzu ya zama shiru-shiru.

Amsa: Ɗan'uwa, tausayi ne ya sa ku, amma kun cuce shi. Wannan alama ce ta ƙuntatar hanyoyin jini a ƙafa, kuma tafiya tana cikin maganinta: ya taka har ciwon ya taso, ya huta, ya ci gaba, kamar minti 30 sau 3 a mako, na tsawon wata 3. Dattijon da aka raba da sahu da majalisa ciwonsa ƙaruwa yake. Ku raka shi azahar da la'asar. Sigari da tumbak, wato tabar da ake cusawa a baki, su fita. Ban da ƙaho ko lalas a ƙafar. Amma in ciwon na tashinsa da dare har sai ya saukar da ƙafa daga gado, ko yatsa ya yi baƙi, ko miki ya ƙi warkewa, wannan ba damuwa ba ce. A kai shi asibiti ranar.