Ɗana ya kai wata 20 amma kalmominsa ba su wuce biyar ba: jinkiri ne ko in ƙara haƙuri?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ɗana na fari yana da wata 20. Bai yi rarrafe ba, jan gindi ya yi, kuma sai da ya cika wata 16 sannan ya fara tafiya. Yanzu yana tafiya sosai har da ɗan gudu. Damuwata ita ce magana. In ban da "mama" da "baba", kalmominsa ba su wuce huɗu ko biyar ba, su ma ni kaɗai nake gane su. Idan yana son abu sai ya nuna da yatsa yana kallona. In na ce ya ɗauko takalminsa yana ɗaukowa. 'Yar ƙanwata, wadda ya girma da wata biyu, har ta fara haɗa magana. Harshe biyu muke yi a gida, kuma nakan ba shi waya ya kalla idan aiki ya yi mini yawa. Sau biyu ya yi ciwon kunne. Wasu na cewa namiji ne, maza ba sa saurin baki, in ƙyale shi. Ni kuma na karanta bayani a kan lalurar galahanga, wato autism, mai shafar magana da cuɗanyar yaro da mutane, tun daga ranar ba na samun barci. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Bari in ba ki amsar a dunƙule tukuna, don ki karanta sauran da kwanciyar hankali. A yadda kika bayyana, tafiyar ɗanki ba ta da matsala. Maganarsa tana cikin iyakar da ake tsammani, sai dai tana can ƙasa-ƙasa, saboda haka tana buƙatar sa ido. Abu ɗaya kuma nake so ki yi cikin makonnin nan ba tare da jinkiri ba, a auna jinsa.

Mu fara da tafiyar, don ki cire ta daga lissafin damuwarki. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar da ta yi wa yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar: Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. An ga cewa yaro kan iya zama da kansa daga wajen wata 4 har zuwa wata 9, ya yi rarrafe tsakanin wata 5 da wata 13 da rabi, ya saki hannu ya yi tafiya tsakanin wata 8 da kusan wata 18. Ki dubi faɗin wannan tazara ta ƙarshe. Yara biyu lafiyayyu, ɗaya zai iya riga ɗaya tafiya da fiye da wata 9, kuma babu abin da ya sami na bayan. A cikin yaran nan, kimanin 4 cikin 100 ba su yi rarrafe ba sam. Masu jan gindi kuwa an san su da makara wajen tafiya, domin sun sami hanyar zuwa inda suke so hannuwansu kuma a sake, babu abin da ke gaggauta su. Sau da yawa ma gado ne, in kika tambaya za ki iya tarar da mahaifinsa ko ke kanki haka kuka yi. Wanda ake kai wa likita shi ne yaron da ya cika wata 18 bai taka da kansa ba.

Sai maganar baki. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, sun sabunta jadawalin matakan girma a 2022. A wata 15 ana sa ran yaro ya riƙa ƙoƙarin furta kalma ɗaya ko biyu bayan "mama" da "baba". A wata 18, kalmomi uku ko fiye, kuma ya bi umarni ɗaya ba tare da an nuna masa da hannu ba. A wata 24 ya haɗa kalmomi biyu, kamar "ƙara ruwa" ko "baba tafi". A wata 30 ya kai wajen kalmomi 50. Ɗanki ya cika sharaɗin wata 18. Amma in faɗa miki gaskiya, an tsara wannan jadawalin ne a kan abin da akasarin yara, 75 cikin 100 ko fiye, suka riga suka yi a wannan lokaci. Manufarsa ya zama ƙararrawa, duk yaron da bai kai nan ba a duba shi. Yara da yawa a wata 20 sun wuce haka nesa, shi ya sa 'yar ƙanwarki ta yi masa fintinkau, shi ya sa kuma ban ce ki manta da batun ba.

Ina kyautata zaton kalmominsa sun fi yadda kika ƙirga. A wurinmu, duk sautin da yaro ke maimaitawa da kansa, a kan abu ɗaya, da nufi, kalma ce. In kullum "uwa" yake ce wa ruwa, kalma ce. In ya ga mota ya ce "bum", ya ga kyanwa ya ce "miyau", duk ana lissafa su. Cewa ke kaɗai ke gane shi ba aibi ba ne a wannan shekarun, domin ko yaro mai shekara 2 kusan rabin maganarsa kawai baƙo ke fahimta. Kuma ana haɗa kalmomin harsunan biyu ne a ƙirga tare. Tashi da harshe biyu ba ya haifar da jinkirin magana, kada kowa ya sa ku daina ɗaya.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a wasiƙarki shi ne jimloli biyu da kika faɗa a gurguje: yana nuna abu da yatsa yana kallonki, kuma yana bin umarni. Magana ba daga baki take farawa ba. Kafin kalma ta fito, sai yaro ya gane cewa akwai wani mutum da zai iya janyo hankalinsa su kalli abu ɗaya tare. Nuni da yatsa shaida ce cewa wannan tushen ya kafu. Nunin kuma iri biyu ne, ina so ki lura da su. Akwai na roƙo, ya nuna kofi don a ba shi. Akwai na "zo ki gani", jirgi ya wuce ya nuna sama, ya juyo ya kalli fuskarki don ya ga ko ke ma kin gani, ba don yana son a ba shi komai ba. Wannan na biyun ya fi nauyi a wurin likita. Yaron da ke yin sa, yana juyowa idan an kira sunansa, yana kawo miki abin wasa don ki gani, yana kwaikwayonki kina shara ko kina amsa waya, ya yi nisa da siffar da ta hana ki barci. A lalurar galahanga, abin da ke fara rauni shi ne wannan cuɗanyar, fiye da yawan kalmomi. Duk da haka akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT, wadda iyaye ke amsawa a kan yara daga wata 16 zuwa 30, kuma likitocin yara na Amurka suna ba da shawarar a yi wa kowane yaro wannan tantancewar a wata 18 da wata 24. Ki nemi a yi masa. Mintuna kaɗan ne, kuma ya fi ki kwana kina bincike a intanet. Tun da an zo nan, allurar rigakafi ba ta jawo wannan lalura. Wani bincike da aka buga a 2019 a kan yara fiye da 650,000 a Denmark bai sami alaƙa tsakaninta da rigakafin ƙyanda ba. Kada tsoro ya sa ki tsallake masa allura ko ɗaya.

Yanzu kunnen, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Bayan ciwon kunne ya lafa, ruwa kan iya taruwa a bayan dodon kunne ya yi makonni ko watanni. Babu zafi, babu zazzaɓi, yaro yana wasansa, amma yana jin magana a dushe kamar wanda ya toshe kunnuwansa da yatsu. Zai ji ƙarar ƙofa, zai juyo in an daka tsawa, shi ya sa iyaye ke rantsuwa cewa yana ji. Ƙananan sautukan da ke bambanta kalma da kalma su ne ke ɓace masa, kuma da su ake koyon magana. Bin umarni ma yakan ruɗe mu, domin yaro mai wayo yana karanta idonki da hannunki. Ki gwada shi: ki tsaya a bayansa, da murya ta yau da kullum, ba tare da kallon abin ba, ki ce ya kawo cokali ko ƙwallo. Ko ya ci wannan gwajin, a kai shi a auna jin da na'ura, domin gwajin gida ba ya gano raguwar ji ta kaɗan ko ta kunne ɗaya. Ko an auna shi lokacin haihuwa a sake, saboda ji na iya raguwa daga baya. Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, wannan ne gwajin farko, babu togiya. Yana da kyau a duba jininsa ma a ga ko yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe, a kuma auna nauyi da tsawo da kewayen kai.

Batun "namiji ne, zai yi" yana da ɗan gaskiya a ciki. A jimlace 'yan mata kan riga maza baki, amma da tazara ƙarama. Gaskiya ne kuma da yawa daga cikin yaran da ke makara a magana, in fahimtarsu tana da kyau, sukan kamo sa'o'insu wajen shekara 3. Matsalar ita ce babu wanda zai iya kallon yaro ɗan wata 20 ya tabbatar yana cikin masu kamowa. Wannan maganar ta sa an zauna da yara masu raunin ji har sai da suka shiga makaranta, alhali shekarun farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara. Abin yana ci mini rai, domin masu faɗin haka da kyakkyawar niyya suke faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Damuwar uwa kaɗai ta isa dalilin a duba yaro, kuma in an duba an ce lafiya, ba ki yi asarar komai ba.

Akwai alamomin da ba a jiran wata ya zagayo a kansu. Babbar cikinsu ita ce koma-baya, yaro ya daina faɗin kalmomin da ya iya, ko ya daina kallon ido da wasa da mutane, ko tafiyarsa ta lalace. Wannan a kowace shekara ya faru, a ga likita a makon. Haka nan yaron da ba ya juyowa ga sunansa, wanda bai fara nuni da yatsa ba a wata 18, wanda jikinsa ya saki ko ya sandare, wanda ke amfani da ɓangare ɗaya na jiki yana barin ɗayan, ko ya fifita hannu ɗaya tun kafin ya cika shekara. Ga iyayen bakwaini kuma, ana cire makonnin da suka rage wa cikin daga shekarun yaro kafin a gwada shi da jadawali, har ya kai shekara 2.

Game da waya, ba zan ɗora miki laifi ba, aiki ne ya yi yawa. Amma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yaro ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Dalilin shi ne yaro yana koyon magana ne daga wanda ke amsa masa, ya yi sauti a mayar masa, ya nuna abu a faɗa masa sunansa. Bidiyo ba ya jiran amsarsa. Ki rage a hankali, ki ajiye shi kusa da ke kina aiki kina faɗa masa abin da kike yi, "ina wanke kofi, ga ruwa, kofi ya fita".

Ki riƙa sauka daidai tsawonsa yana ganin bakinki. Ki bi abin da hankalinsa ke kai, in mota yake turawa, zancen mota za ku yi. In ya ce "mota", ki ƙara masa kalma ɗaya, "mota ta tafi". In ya nuna kofi, kada ki miƙa nan take, kada kuma ki hana shi har ya yi kuka. Ki ɗaga abu biyu ki ce "ruwa ko madara?", ki yi shiru na 'yan daƙiƙu kina kallonsa. Duk abin da ya furta ki karɓa, ki maimaita kalmar daidai, ki ba shi. Yawan "ce kaza, ce kaza" yana sa yaro ya ƙara rufe baki. Waƙa da littafi mai hotuna suna da amfani ƙwarai, ko da shafi biyu kawai zai tsaya a kai.

Daga yau ki sami takarda ki rubuta duk kalmar da yake faɗa a harsunan biyu, da kwanan wata, ki riƙa ƙara sababbi. Abin da nake so ki gani shi ne jerin yana ƙaruwa wata bayan wata. Ki tafi da takardar, da ɗan gajeren bidiyonsa yana wasa a gida, ranar da za a auna kunnen, domin yara kan yi ƙiwa su yi gum a gaban likita. In wata biyu suka wuce jerin bai motsa ba, ko ya cika wata 24 bai fara haɗa kalmomi biyu ba, ki nemi a tura ku wurin ƙwararren mai koyar da magana, ko da gwajin kunnen ya fito lafiya.