Tsakanin ƙararrawa da agogo

Ɗana, bayan gaisuwa, na ga tambayarka a kan abin da ka ji a Agege, inda maƙwabcinka Bayarabe ya kira ƙararrawar coci da sunan agogo, har ka zaci bai iya Hausa ba ne. To, ba Hausa yake yi ba, yarensa yake yi, kuma mu ne muka ara daga gare su. A Yarabanci agogo shi ne ƙarfen da ake kaɗawa ya yi ƙara, da shi kuma suke ƙirga lokaci. Da kalmar ta shigo bakin Bahaushe sai ya ajiye ta ga na'urar nuna lokaci kaɗai, ya bar wa ƙararrawa sunanta.

Ita ƙararrawa tamu ce, kuma a ganina kunne ma ya isa shaida, domin kalmar ƙara ce aka nanata yadda sautin yake nanata kansa bayan an buga. Kada ka haɗa ta da kuge na gidan sarauta, wanda ba shi da ɗan ƙarfen nan mai lilo a ciki, daga waje ake bugunsa idan za a yi shela.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, mu ma mun bi hanyar da Yarabawa suka bi ba tare da mun lura ba. Idan ka ce ƙarfe biyu, ai bugu biyu kake nufi, irin wanda ake yi wa ƙarfen da aka rataye don sanar da sa'a kafin agogon hannu ya wadata. A makarantarmu guntun ƙarfen dogo ne aka ɗaure a bishiya, kuma wanda aka ba aikin bugunsa yana ji da kansa kamar hedimasta.

Game da dalilin da ya sa ba a kaɗa ƙararrawa a masallaci, an kawo shawarar yin hakan a Madina don kiran mutane salla, tare da shawarar busa ƙaho, sai Abdullahi ɗan Zaidu ya ga kalmomin kiran salla a mafarki, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya koya wa Bilal. Wannan bai hana mu amfani da ita a keke ko a ƙofar gida ba. Ka gaishe da mahaifiyarka.