Amsa ga mai tambayar "in", "on" da "at"

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na saurari muryarki, kin ce "in", "on" da "at" suna rikita ki, wai a turo miki jerin kalmomin wurare ki haddace. To ni dai ba zan turo jeri ba, don an sha haddace shi ana mantawa. Ki fara gane inda matsalar take. Mu a Hausa "a" guda ɗaya ce ke ɗauke da komai, a gida, a titi, a ƙofa. Shi kuwa Turanci sai ya tambaye ki yadda kike kallon wurin kafin ya ba ki kalma.

Idan wurin ya kewaye ki, yana da iyaka, "in" ne: "in the room", "in London", "in France". Ɗaki, unguwa, gari, ƙasa, duk nan suke. Idan abu yana zaune a saman wani ko ya manne a jikinsa, "on" ne: "on the table", "on the wall". Hoton da ke jikin bango ai ba a saman bangon yake ba, amma tunda ya manne, "on" za ki ce. Ita kuma "at" kamar ɗigo ce a taswira, wurin tsayawa ko haɗuwa: "at the gate", "at the bus stop", "at the airport".

Adireshi shi zai haɗa miki ukun a wuri ɗaya. Gidan firaministan Birtaniya yana "in London", yana "on Downing Street", amma da zarar lamba ta shigo sai ki koma "at 10 Downing Street". Gari "in", titi "on", lamba "at". A'a, bari in gyara, mutanen Ingila sukan ce "in" ma wa titi, kamar "in Oxford Street", 'yan Amurka ne suka fi tsayawa a kan "on". Ke dai ki riƙe "on", babu wanda zai ce kin yi kuskure.

Abin hawa kuma, "in the car", "in a taxi", amma "on the bus", "on the train", "on the plane". Wanda za ki iya miƙewa ki taka a cikinsa "on" ne, wanda sai kin sunkuya kin zauna "in" ne. Keke da babur "on", tunda a samansu kike.

Yawwa, ga wanda ya fi damuna, kuma wallahi na rasa me ya sa ba a tsaya wa ɗalibai a kansa: "opposite" da "in front of". Mutum zai ce miki banki yana "in front of the hospital", alhali bankin yana tsallaken titi yana kallon asibitin. Wannan "opposite" ne, ko "across from" a bakin 'yan Amurka. "In front of" yana nufin a gefenki ɗaya da ginin, dab da ƙofarsa, babu titi a tsakani. Ki duba abin da ke faruwa: kin ce wa baƙo kina jiransa "in front of the bank", shi ya je ya tsaya a bakin ƙofar banki, ke kina can tsallake kina duba agogo. Laifin wa? Ya ji daidai, ke ce kika fassara "gaban banki" kai tsaye. Haka a teburi, wanda kuke fuskantar juna yana "opposite you", wanda ke gabanki a layi ya ba ki baya yana "in front of you". Kuma don Allah a daina cewa "opposite to the bank" ko "opposite of the bank" wajen kwatance, "opposite the bank" kawai ya isa. Haka ma "behind the building" bayan ginin ne daga waje, amma "at the back of the hall" kina cikin zauren, kujerun baya kawai.



Abu biyu da sauri. Ba a cewa "arrive to". Gari ko ƙasa "arrive in", gini ko tasha "arrive at". Sannan "home", "abroad", "upstairs" ba sa son "to" a gabansu, "go home" ne, "go abroad" ne.

Af, na ambaci bene, kada in manta. A Ingila hawan ƙasa shi ne "ground floor", wanda ke samansa "first floor". A Amurka galibi hawan ƙasan shi ne "first floor". Saboda haka in an ce miki ofis yana "on the second floor", a Landan bene biyu za ki hau, a New York bene ɗaya. Ki tambayi mai maganar wanne yake nufi kafin ki kama matakala.

Yanzu ki kwatanta min hanya daga tasha zuwa wani gini da Turanci, jimla biyar, ki saka "opposite" a ciki, ki turo nan mu duba.